Shanun Jiratawa da Suka Koma Awaki Cikin Fishiyen XML

Zuwa ga Mushe Darekta, wato mai girma Darekta, shugaban porjen rajistar dabbobi da rigakafi da nake wa aiki a nan Maraɗi, ko in ce wanda nake wa aiki har zuwa makonni uku da suka wuce.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙarami ga babba, ina fata kuna lafiya, ku da iyali. Ina gajiyar aiki, ina kuma gajiyar karɓar yabo, don na ji an ce ita ma tana da nauyi.

Ni ne Lawali, mai rubuta lojisiyel, wato manhajar kwamfuta da muke kira ordinater, wanda kuka ajiye a ƙaramin buron nan na kusa da makewayi. Na faɗi wurin ne don ku tuna fuskata. Sau huɗu ina zuwa ƙofarku sakatare tana cewa kuna cikin taro. Sau biyu na rubuto takarda, ko tari ban ji ba. Tunda ƙofar gida ta ƙi buɗuwa, ku yi mini afuwa, na biyo ta kasuwa, na baje wannan wasiƙa a fili kowa ya karanta.

A takardar da kuka dakatar da ni kun rubuta cewa rashin ƙwarewata ne ya ɓata rajistar dabbobi. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne har yau ba a yi wa shanun garinmu Jiratawa allurar ciwon huhu ba, saboda a cikin ordinaterku babu saniya ko ɗaya a garin, kuma mutanen da na lallasa suka yarda da mu suna ganin na ci amanarsu. Ga yadda abin ya faru, daki-daki, don ku da masu karatu ku yi hukunci.

1. Aikin da aka sa ni

Wakilanmu suna shiga ƙauyuka da tabulet, suna rubuta kowace dabba: sunan mai ita, lambar da aka maƙala mata a kunne, irinta, da allurar da take buƙata. Tunda rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kai ko'ina, tabulet tana zuba bayanan cikin fishiyen XML, wato wata irin takardar bayanai ta ordinater, a kawo shi buro a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinater, a haɗa, a tura Yamai. Daga can ne ake auno allurar da za a kawo wa kowane gari.

A cikin lojisiyel ɗin na yi wa kowace irin dabba kilas ɗinta, wato ajinta: Saniya, Akuya, Tunkiya, Raƙumi, Jaki. Kowace da abin da ya keɓanta da ita. Sannan na haɗa su ƙarƙashin abin da muke kira antarfas, mai suna Dabba. Antarfas sharaɗi ne kawai: duk abin da ke da mai shi, da lambar kunne, da allura, ya cancanci shiga jeri. Shi kuwa jerin irin na gama-gari ne, buhu ne da kake gaya masa abin da zai ɗauka. Na ce masa ya ɗauki Dabba, ya ɗauka. A cikin cikin ordinater raƙumi da akuya suna zaune lafiya a buhu guda, kowa ya san kansa.

2. Ranar da jan rubutu ya fito

Matsalar ta taso ne wajen fitar da su zuwa XML. Akwai wani kayan aiki da ya zo tare da yaren ordinater da muke rubutu da shi, ni ɗan dako nake ce masa, don aikinsa ya ɗaure kaya a nan, ya kwance su a can yadda suke. Da na miƙa masa jerin Dabba sai ya noƙe. Ya fito da jan rubutu a fuskar ordinater cewa shi ba ya ɗaukar antarfas.

Mushe Darekta, ɗan dakon nan ya fi mu gaskiya duka. Ku aiki direbanku kara ku ce ya sayo muku dabba. Zai tsaya ya tambaye ku wace iri, don ba a taɓa ɗaure wani abu mai suna dabba zalla a turke ba. Ko akuya ce, ko sa ne, ko jaki. Shi ma tambayarsa ke nan. Idan ya rubuta Dabba a fishiye, gobe in an ce ya kwance kaya ya sake gina ta, me zai gina?

Maganin ba ɓoyayye ba ne, kuma na kawo muku shi a ranar. Sai a yi wa dabbobin kilas uwa guda da duk za su gada, a rubuta wa ɗan dako sunayen 'ya'yanta tun farko, sannan kowace dabba ta shiga fishiye da sunan irinta manne a jikinta. Na ce ina son kwana uku, biyu na gyara, ɗaya na gwaji. Kuka dube ni kamar na nemi aron motarku. Kuka ce baƙi masu ba da tallafi jibi za su iso, kuma ba za a nuna jan rubutu a gaban baƙi ba. Na san ba a fafe gora ranar tafiya, amma ai ba ni na sa ranar tafiyar ba.

3. Zuwan gwani

Washegari kuka kawo gwani daga Yamai, da jakarsa ta fata da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Ba zan kama sunansa ba, don ya girme ni, kuma ya taɓa koyar da mu a makaranta. Ya zauna a kujerata, ya dubi jan rubutun, ya yi murmushi, ya ce yaran yanzu suna son wahalar da abu mai sauƙi. Tunda ɗan dako kilas tabbatacciya yake so, a ba shi guda. Kafin a rubuta fishiye, a kwafe sunan mai dabba da lambar kunne a zuba su cikin kilas ɗaya, a miƙa masa jerin wannan kilas ɗin, shi ke nan.

Aka tsaya zaɓen wace kilas za a ɗauka. Nan ne kishin gari ya motsa. Kuka ce mu a Maraɗi muke, ƙasar jar akuya, wadda fatarta ta kai sunanmu inda ƙafarmu ba ta kai ba. Gwani ya gyaɗa kai. Cikin awa guda jan rubutu ya ɓace, kuka sa aka kawo lemo.

Ranar baƙi kuma da me aka yi gwaji? Da jajayen awakin ƙungiyar mata ta Tibiri, don su ne suka fi kyau a hoto. Aka rubuta akuya, aka fitar da fishiye, aka mayar da shi, akuya ta dawo akuya. Aka sake, akuya ta dawo akuya. Baƙi suka yi tafi, ku kuka yi jawabi, gwani ya karɓi ambulan ɗinsa ya kama hanyar Yamai. Da a ce ranar wani jaki ya ɓato hanya ya shigo layin, da yau ina buro.

4. Nawa laifin

Laifi tudu ne, ba zan taka nawa in hango naku ba. Gwani bakinsa ya sa, amma yatsuna ne suka buga layin. Na san abin da zai haifar tun yana faɗa. Na buɗe baki, sai na tuna malamina ne, kuma ga ku tsaye, kuma a gidanmu ba a koya mana gyara wa babba magana a gaban mutane ba. Na haɗiye. Na gaya wa kaina bayan baƙi sun tafi zan gyara.

Da suka tafi na rubuto muku takarda shafi ɗaya, na ce wannan facin na kwana biyu ne, a ba ni dama in cire shi kafin wakilai su shiga ƙauyuka. Ta dawo mini da rubutun jan bironku a gefe, cewa abin da ke aiki ba a taɓa shi, kuma gwani ya riga ya sa hannu. Takardar tana nan wajena cikin leda. Daga nan ban sake magana ba, kuma wannan shirun nawa ne, na ɗauka.

5. Yadda na sa mutanenmu a ciki

Ku da kuka tashi a birni wataƙila ba ku san wannan ba. A garinmu mutum ba ya faɗin abin da ke garkensa. Akwai tsoron baki, akwai kuma tsoron jangali da aka gada tun kaka da kakanni. Wakilanku sun je Jiratawa sau biyu, aka ba su ruwa, aka ba su tabarma, aka ce dabbobi sun tafi kiwo. Ku da kanku kuka kira ni kuka ce tunda ni ɗan gari ne in je in yi magana.

Na je wajen Kawu Isa, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. In ya yarda, rabin gari ya yarda. Na zauna ƙasa a gabansa na rantse masa ba haraji ba ne, ba kuma za a taɓa musu komi ba, allura ce za ta zo daidai da kowace dabba. Ya ce ya yarda, ba don takarda ba, don ni. Shi ya fara fito da shanunsa na huɗa guda biyu aka maƙala musu lamba, sauran mutane suka biyo baya. Ku sani, Mushe Darekta, wannan karatun ordinater da nake taƙama da shi, sa Kawu ya sayar ya biya mini. Ashe sa ne ya ɗauki nauyin karatun da zai mayar da ƙannensa awaki.

6. Rahoton da ya jawo yabo

Wakilai suka zagaya Tibiri da Jiratawa da ƙauyukan gefen gulbi. A fuskar tabulet komi daidai: saniya saniya ce, raƙumi raƙumi. Da an danna fitarwa, sai kowane layi na fishiye ya buɗe da kalmar Akuya ya rufe da ita. Kuma bisa umarnin buro, ana goge tabulet bayan an kwashe, don a sami wuri.

Sai rahoto ya fito, ya nuna awaki sun cika ƙasa fal, babu saniya, babu tunkiya, babu jaki. Wani shugaban da ya ga haka zai leƙa ta taga, don ko a bakin ƙofar buronmu amalanken shanu na wucewa kowace safiya. Ku kuwa kuka sa aka buga shi da bango mai sheƙi, kuka ce wannan shaida ce cewa porje ya farfaɗo da kiwon jar akuya. Daga Yamai aka aiko da takardar yabo, ga ta can a jikin bango bayan kujerarku. Duk cikin waɗanda suka karanta, babu wanda ya tambayi ina shanu suka shiga, ko waye ke ɗauko ruwa in babu jakai. A lokacin ban ji an ambaci sunan Lawali ba. Sai da miya ta yi tsami aka tuna akwai mai girki.

Akwai wani dattijo a Tibiri mai raƙumi guda, ya fi shekara goma yana dakon hatsi da shi. A rajistarku wannan raƙumin akuya ce, kuma an sa shi cikin waɗanda za a duba ko suna ba da nono.

7. Ranar allura a Jiratawa

Wannan ranar ina wurin, don Kawu ya ce in zo in ga alherin da na kawo. Tun da hantsi aka tara shanu a fage, mutane sun bar aikin gonakin rani, mata sun kawo fura. Motarku ta iso da allon nan a jikinta mai cewa rigakafi ya fi magani. Aka sauke akwatunan sanyi, aka buɗe. Allurar awaki ce tun daga sama har ƙasa.

Likitan dabbobi, bawan Allah, ya ɗauki takarda ya fara kiran suna. Ya kira Kawu, ya karanta akuya biyu. Kawu yana tsaye riƙe da igiyar bijimai biyu da kowannensu ya fi likitan tsawo. Matasa suka fashe da dariya, wani ya ce a tatso su mu gani. Aka kira na biyu, akuya. Na uku, akuya. Dariya ta fara raguwa. Kafin a kai na goma wani ya faɗi abin da kowa ke tunani, cewa an rubuta shanu a matsayin awaki ne don ranar da aka zo kwashe su a ce ai dama awaki ne gare ku. Duk idanu suka juyo kaina.

Na yi ƙoƙarin bayani. Mushe Darekta, ku gwada tsayawa a tsakiyar rana gaban mutum ɗari masu sanduna ku yi musu bayanin antarfas. Kawu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ciro wuƙa ya yanke lambar daga kunnuwan shanunsa, ya zuba mini a tafin hannu, ya ja abinsa ya tafi. Tun ranar in na gaishe shi sai ya amsa wa wanda ke kusa da ni. Mahaifiyata ta daina zuwa gidan suna a garin, don ana nuna ta ana cewa ga uwar mai mayar da sa akuya.

8. Binciken da aka yi

Da labari ya kai Yamai, kuka kafa bincike, kuka kuma ɗauko mai binciken da ya fi kowa sanin aikin, wato gwanin nan dai. An ba kura jiran nama, ta kuwa yi aikinta tsakani da Allah. Ya kwana biyu a otel, ya rubuta cewa tsarin ba shi da aibu, matsalar daga ƙaramin ma'aikaci ce da kuma tsufan injuna. Ya ba da shawarar a sayo sababbin ordinater, a kuma shirya taron ƙara wa juna sani na kwana uku, da shan kafe safe da yamma. Kwana ukun da aka hana ni na gyara, an same su na cin nama. An bar jaki ana dukan taiki, ni ne taikin.

Ina sanar da ku, cikin ladabi, sabuwar ordinater za ta mayar da sa akuya da sauri fiye da tsohuwar, iyakar bambancin ke nan. Layin yana nan inda na buga shi. Wakilai kuma na ji an ce mako mai zuwa za su shiga wasu ƙauyukan da shi.

Abubuwan da nake roƙo

Na farko, ku ba ni makullin magaza, ɗakin ajiyar kayanmu. Wakilanmu, Allah ya yi musu albarka, ba su taɓa yarda da tabulet ɗari bisa ɗari ba, kowannensu yana da kaye, wato ɗan littafi, da yake rubuta komi a ciki da biro. Kayen nan suna cikin kwali a magaza, ƙarƙashin tsofaffin allunan taro. A cikinsu saniya tana nan saniya. Da lambar kunne zan mayar da kowace dabba ga irinta.

Na biyu, ku ba ni kwana ukun nan. Ba na neman a biya ni, ba na neman kujerata. In na gama, a gwada da sa, da raƙumi, da jaki, da tunkiya, a gaban duk wanda kuke so, har da gwani in yana da sarari. Bayan nan in kun ga dama ku kore ni da ganga.

Na uku, ku dakatar da fitar wakilai har a gyara, kada wani ɗan gari ya je ya rantse wa kawunsa kamar yadda na yi.

Na huɗu, ku buga waya Yamai yau, ba gobe ba, ku ce a aiko da allurar shanu. Wannan ba ya buƙatar XML. Ciwon huhu ya ɓulla a wani ƙauye da muke shan rijiya ɗaya da su, kuma shekaranjiya ƙanwata ta aiko mini cewa ɗaya daga cikin shanun Kawu ya fara tari, ya daina cin harawa. Da su biyun nan yake huɗar gonar da gidaje uku ke ci, damina kuma ba ta jiran rahoto.

Na biyar, takardar yabon nan ta bango, ban ce ku cire ta ba. Ku dai juya ta ta fuskanci bango har shanu su dawo.

Ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ɗaukaka darajarku, ya ba ku ma'aikatan da ba sa jin kunyar gaya muku gaskiya kamar yadda na ji. Allah ya raba ku da gwanin awa guda. Allah ya sa ranar da za a karanta wa kowa takardarsa a same ku a rubuce yadda kuke, ba a zuba ku cikin kilas ɗin wani ba.

Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, bayan an sauko daga masallaci a Jiratawa, na nemi izinin maigari zan miƙe a gaban jama'a in faɗi cewa na ga ramin, na yi shiru, na kuma jawo su ciki da bakina. Na roƙa a shimfiɗa tabarma ta mutum biyu. Tafiyar ba ta da nisa, ko kabu-kabu yana kaiwa. In kun zo, kowa ya faɗi rabonsa, mu roƙi gafara tare. In ba ku zo ba, zan faɗi nawa, sannan in ciro takardar nan mai jan biro in karanta musu naku, Kawu yana zaune a sahun gaba.

Wassalam.

Naku cikin ladabi,
Lawali ɗan Jiratawa,
mazaunin unguwar Zariya, Maraɗi.